Gyambon Babban Hanji Da Makomar Mai Ɗauke Da Shi

Jawabin da Kwamitin Lafiya ya gabatar a taron shekara-shekara na ƙungiya

 



Kwamitin Lafiya ya zaɓi ya yi magana bana a kan wani ciwo da ba kasafai ake jin sunansa ba. Muna neman afuwar iyayenmu tun daga farko, domin za mu ambaci bayan gida da jini da dubura a gaban manya. Ranar wanka ba a ɓoye cibi, kuma kunyar ambaton waɗannan abubuwa tana cikin dalilan da ke sa mai wannan ciwo ya shekara biyu ko uku bai je gaban likita ba.

Ciwon shi ne wanda Turawa ke kira alsaretif kolaitis, mu kuma za mu kira shi gyambon babban hanji. Kada a haɗa shi da gyambon ciki da muka saba da shi, wanda ke kama tumbi. Shi wannan garkuwar jikin mutum ce ke juyowa ta afka wa fatar cikin babban hanjinsa, ta kumbura, ta saɓule, ta riƙa zubar da jini da majina. Daga dubura yake farawa ya hau sama. Wani a nan duburar yake tsaya masa, wani ya cinye ɓangaren hagu na hanjin, wani kuma ya game babban hanjin kaf. Alamominsa su ne zawo da jini na makonni ko watanni, matsuwar da ba ta jira, tashi cikin dare don zagayawa, da jin kamar ba a gama ba bayan an gama. Ya fi kama mutum tsakanin shekara 15 zuwa 30, wato lokacin karatu da aure da kafa sana'a. Ba a ɗaukarsa daga wani, ko ta cin abinci a kwano ɗaya, ko ta zaman aure. Sammu ko jifa ba su da hannu a cikinsa.

Wani likitan Landan, Samuel Wilks, shi ya fara bayyana shi a 1859, kuma an daɗe ana ɗaukarsa ciwon Turawa. Har yanzu a can ya fi yawa. A ƙasar Norwe an taɓa ƙidaya kimanin mutum 505 cikin kowane 100,000. Amma wani babban nazari da mujallar likitoci ta Lancet ta buga a 2017 ya nuna yana ƙaruwa a ƙasashen Asiya da Afirka da Kudancin Amurka, inda zaman birni da irin abincinsa ke bunƙasa. A 2023 an ƙiyasta masu ɗauke da shi a duniya sun kai miliyan 5. A wajenmu kuwa yana da wuraren ɓuya guda biyu, atuni da basir. Duk wanda ya ga jini a bayan gida, in bai ce atuni ba zai ce basir. Sai ya sha Flagyl daga kemis, ya sake sha, ya koma wajen mai maganin basir a kasuwa a ba shi jiƙon da ke ƙara masa zawo. Atuni na gaskiya yana jin magani cikin 'yan kwanaki. Zawo da jinin da ya haura wata guda, ko wanda ke tafiya yana dawowa, sai an binciki bayan gidan an kuma leƙa hanjin da na'ura kafin a san ko mene ne, domin tarin fukan hanji da tsargiyar hanji da sankara duk suna iya zuwa da kama ɗaya.

To, abin da ya tara mu a kansa shi ne tambayar da iyali ke yi ranar da likita ya faɗi sunan ciwon. Zai warke? Zai yi tsawon rai? Za ta haihu? Zai rikiɗe ya zama sankara? Rai dai a hannun Allah yake, babu likitan da ke da ta cewa a kan ajali. Abin da muke da shi shi ne abin da aka gani bayan an bi dubban majinyata shekara da shekaru.

Maganar farko mai ɗaci ce. Babu ƙwaya ko allurar da ke raba mutum da wannan ciwo har abada. Kamar ciwon suga da hawan jini yake, zama ake yi da shi, yana tashi yana kwanciya. Duk wanda ya ce muku zai kawar da shi da kwalba uku, kuɗinku yake so.

Magana ta biyu kuwa mai daɗi ce, kuma ita muke so a tafi da ita gida. A Kwafanhagan ta ƙasar Denmak an bi majinyata 1,161 da aka gano ciwonsu tsakanin 1962 da 1987. Aka tarar a kowane lokaci kimanin rabinsu lafiyarsu ƙalau, ciwon na kwance, kuma bayan shekara 10 fiye da kashi 90 cikin 100 suna iya aikinsu. A Norwe an sake irin wannan bibiya ga waɗanda aka gano daga 1990 zuwa 1994. Bayan shekara 10, kashi 55 cikin 100 sun ce ciwon ya tsananta musu ne a farko, daga baya ya lafa ko ya yi sauƙi ƙwarai. Kashi 37 yana tashi yana kwanciya. Kashi 6 ne kawai ya ƙi sakinsu sam, sai kashi 1 da ya riƙa ƙara tsanani. Da aka cika shekara 20 aka kwatanta su da sauran jama'a, ba a ga mutuwa ta fi yawa a cikinsu ba. Wato saurayin da aka gano ciwonsa yana da shekara 25, in yana samun kulawa, yana da fatan ganin jikokinsa kamar kowane sa'ansa.

Masu bin labaran duniya za su tuna Shinzo Abe na ƙasar Japan. Tun yana matashi yake ɗauke da wannan ciwo, kuma shi ya tilasta masa sauka daga kujerar firayim minista a 2007. Ya samu maganin da ya karɓe shi, ya dawo mulki a 2012, ya zama wanda ya fi kowa daɗewa a kan wannan kujera a tarihin ƙasarsa, har ciwon ya sake tashi ya sauka a 2020. Da ajalinsa ya zo a 2022 yana da shekara 67, harsashin ɗan bindiga ne sanadi. Samarinmu masu kallon ƙwallo kuma sun san Darren Fletcher na Manchester United, wanda ciwon ya raba shi da fili a ƙarshen 2011, aka yi masa tiyata a farkon 2013, ya dawo taka leda a ƙarshen wannan shekarar, bai yi ritaya ba sai 2019.

Sai dai mu lura da abu guda. Duk waɗannan alƙaluma daga ƙasashen da magani ke samuwa ne, likita na kusa, kuma ba majinyaci ke biyan kuɗin daga aljihunsa ba. Ciwon da ke jikin ɗan Norwe shi ne a jikin ɗanmu, hanjin ma iri ɗaya ne. Abin da zai raba makomarsu shi ne yaushe aka gano, da ko an ci gaba da magani, da ko akwai wanda zai kai shi asibiti daren da ciwon ya yi tsanani. Waɗannan kuwa a hannun iyali da al'umma suke fiye da hannun likita.

Bari mu ɗan tsaya a kan magani, domin a nan ne mutanenmu suka fi tuntuɓe. Maganin yau da kullum ga mafi yawan majinyata shi ne mesalazin, ko yayansa salfasalazin wanda wata likita 'yar Suwidin, Nanna Svartz, ta samar wajen 1940, kuma har yau yana aiki, ya kuma fi araha. Akwai na haɗiya, akwai na cusawa ta dubura, kuma wanda ciwonsa ke ƙasa na cusawar ya fi yi masa amfani, ko da yake mun san yadda mutanenmu ke ƙyamar jin haka. Aikin maganin shi ne ya hana ciwon tashi, don haka ana shansa ne ko da mutum yana jin garau. A nan take yinta. Mutum ya ga jini ya tsaya, ya yi wata biyu lafiya, ga kuɗin makaranta ga cefane, sai ya ce ya warke ya ajiye magani. Wani bincike da aka buga a Amurka a 2003 ya nuna wanda ba ya shan maganinsa yadda aka tsara, haɗarin ciwon ya sake tashi masa ya ninka na mai sha kimanin sau biyar. Kuma jinyar tashi ɗaya mai tsanani, da kwanciya da ƙarin jini, tana iya cinye kuɗin maganin watanni masu yawa. Ku sani kuma tsayawar jini ba ita ce warkewar gyambon ba. Abin da likitoci ke nema yanzu shi ne fatar hanjin ta koma daidai in an leƙa, domin waɗanda suka kai wannan matsayi su suka fi daɗewa ciwon bai tashi ba, su ne kuma tiyata ta fi ƙaranci a cikinsu.

Akwai wani kuskuren da ya fi wannan haɗari. Idan ciwon ya tashi, likita kan ba da firedinisolon na kimanin mako takwas, yana rage shi sannu a hankali. Maganin yana aiki kamar yankan wuƙa, ga shi da araha, ga shi a kowane kemis. Sai majinyaci ya haddace sunan, ya riƙa saye da kansa shekara da shekaru. Danginsa ne fa da ƙwayoyin nan da wasu 'yan mata ke sha don su yi ƙiba. Daɗewa a kansa na kawo ciwon suga, da hawan jini, da yanar ido, da zaizayewar ƙashi har mutum ya karye a kan ƙaramar faɗuwa, kuma duk da haka ba ya hana ciwon dawowa. Wanda ya daɗe yana sha kuma, yanke shi dare ɗaya na iya kai shi kushewa. In ma atuni ne ke damun mutum ya sha shi da ka, yana iya huda masa hanji. Haka nan magungunan ciwon jiki irin su daikulofenak da aibufurofen suna iya tayar da ciwon daga barci. Farasitamol ya fi dacewa da su.

Wanda mesalazin bai riƙe shi ba akwai mataki na gaba. Akwai azatayofirin, akwai kuma sababbin allurai da ƙwayoyi, irin su infiliksimab da aka amince da shi ga wannan ciwo a Amurka a 2005, da bedolizumab a 2014, da tofasitinib a 2018. Suna da tsada ƙwarai, ba za mu ɓoye ba. Kuma da yake mafi yawansu suna rage ƙarfin garkuwar jiki, a ƙasa irin tamu inda tarin fuka da ciwon hanta nau'in B suka yawaita, wajibi ne a gwada mutum a kan waɗannan biyun kafin a fara, don kada a kwantar da ciwo ɗaya a tashi wanda ya fi shi.

Yanzu ga inda rai ke cikin haɗari na gaske. Kimanin mutum ɗaya cikin biyar na masu wannan ciwo, wata rana zai gamu da tashi mai tsanani. Alamarsa ita ce zagayawa da jini sau shida ko fiye a yini, tare da zazzaɓi, ko bugun zuciya da sauri, ko fari fat na ƙarancin jini. In ciki ya kumbura ya yi tauri, abin ya ƙara muni. Wannan ba na jira gari ya waye ba ne, ba kuma na ƙaramin asibitin unguwa ba ne. Kada a ba shi maganin tsayar da zawo, domin yana iya sa hanjin ya buɗe ya fashe. A gwajin da likitoci biyu na Ingila, Truelove da Witts, suka buga a 1955, maganin kotizon ya sauko da mutuwa daga kashi 24 cikin 100 zuwa kashi 7. A yau, a asibitocin da suka ƙware, ta dawo kimanin kashi 1. Tazarar da ke tsakanin 24 da 1 ita ce tazarar da ke tsakanin gadon majinyaci a gida da gadon babban asibiti, kuma sau da yawa kuɗin mota ne da shawarar wanda zai ce a tafi. Masu ciwon kuma sun fi sauran mutane haɗarin daskarewar jini a jijiya, musamman lokacin tashinsa, don haka kumburin ƙafa ɗaya ko sarƙewar numfashi ba abin sakaci ba ne.

Maganar tiyata tana tsorata mutane, alhali ita kaɗai ce ke raba mutum da gyambon, tunda an cire inda yake zaune. A rukunin Kwafanhagan, kashi 24 cikin 100 aka cire wa babban hanji cikin shekara 10. A rukunin Norwe na baya, adadin ya sauko kusan kashi 10. Bayan cirewa, ko dai a fito da bakin ƙaramin hanji ta fatar ciki a riƙa tara bayan gida a jaka, ko kuma a naɗe ƙarshen ƙaramin hanjin a yi masa ma'aji a haɗa da dubura, dabarar da Parks da Nicholls suka bayyana a Landan a 1978. Mai ma'ajin zai riƙa zagayawa sau biyar zuwa bakwai a yini, kuma kusan rabinsu ma'ajin kan yi kumburi wani lokaci, a ba su magani. Mai jaka kuwa abin da ya fi damunsa a wajenmu shi ne tsarki da salla da shiga sahu. Muna roƙon malamanmu, Allah ya ƙara muku lafiya, ku riƙa bayyana wa jama'a sauƙin da shari'a ta yi wa mai uzurin da ba ya iya riƙewa, da rangwamen azumi ga marar lafiya, domin mun san fatawarku ta fi takardar likita nauyi a zukatan mutanenmu.

Sai batun sankarar hanji. Wani nazari na 2001 ya ba da alƙaluman da suka tsorata duniya, cewa kashi 2 cikin 100 na kamuwa bayan shekara 10, kashi 8 bayan 20, kashi 18 bayan 30. Nazarin da aka yi daga baya a kan jama'a gaba ɗaya, wanda aka buga a 2012, ya sami adadin da bai kai haka ba, ƙasa da kashi 1 a shekara 10, kuma bai wuce kimanin kashi 5 ba a shekara 20. Duk da haka haɗarin ya ninka na sauran mutane fiye da sau biyu. Ya fi yawa ga wanda ciwon ya game hanjinsa duka, da wanda kumburin ya daɗe ba a kwantar da shi ba, da mai tarihin sankarar hanji a danginsa. Wanda nasa ya tsaya a dubura kusan daidai yake da kowa. Ƙa'idar ita ce, in an cika shekara 8 da fara ganin alamun ciwon, a leƙa hanjin da na'urar kolonoskofi ko da mutum lafiya yake ji, daga nan a riƙa maimaitawa tsakanin shekara 1 zuwa 5 gwargwadon abin da aka gani. 'Yan kaɗan da ciwon ke haɗa musu da ƙuntatar hanyoyin ɗaci na hanta, su duk shekara ake leƙawa tun daga farko. Ana wannan aiki a manyan asibitocin koyarwa irin na Malam Aminu Kano, da na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Shika, da na Jos. Amfaninsa shi ne a ga canjin fata tun bai zama sankara ba a cire shi.

Iyayenmu mata, ga taku. Mun san yadda ake fasa aure a garuruwanmu saboda an ji yarinya na da ciwon da ba ya warkewa, da yadda ake mayar da matar aure gidansu a ce ta je ta yi jinya, jinyar da ba a zuwa biko. Macen da ciwonta ke kwance tana ɗaukar ciki kamar kowace mace, kuma mafi yawansu suna haihuwa lafiya. Abin da ake so shi ne a ɗauki cikin lokacin da ciwon ya lafa, kuma kada ta daina magani don tsoron jariri, domin tashin ciwon ya fi mesalazin haɗari ga abin da ke cikinta. Likita ne zai duba wanda za a ci gaba da shi da wanda za a canza. Tiyatar ma'aji dai tana iya rage haihuwa ga mace, shi ya sa ake tattauna lokacinta da mai sauran sha'awar haihuwa. Namiji mai shan salfasalazin ƙwayoyin maniyyinsa kan ragu, amma suna dawowa in an canza masa magani. Gado kuma yana da ɗan tasiri, sai dai mafi rinjayen 'ya'yan mai ciwon ba sa kamuwa.

Game da abinci ba za mu tsawaita ba. Babu abincin da ke warkar da shi. A bar majinyaci ya ci abin da cikinsa ke karɓa. Hana shi nama da ƙwai da nono da mai gaba ɗaya, a bar shi da koko, ƙara masa rama ne a kan rama, ga shi dama jininsa na tsiyaya.

Ranka ya daɗe shugaban taro, Kwamitin Lafiya yana da buƙatu ga ƙungiya. Dokar inshorar lafiya ta ƙasa ta 2022 ta wajabta inshora ga kowane ɗan Nijeriya, kuma jihohi suna da tsare-tsaren taimakekeniya na lafiya. Muna so a ware mutum biyu daga matasanmu masu ilimi su riƙa taimaka wa masu ciwon da ake daɗewa da shi wajen yin rajista da cike takardu. Muna kuma so asusun jin ƙai na ƙungiya, wanda bisa al'ada sai an kwantar da mutum ko an yi rasuwa ake tunawa da shi, ya buɗe wani sashe na sayen maganin wata-wata da kuɗin motar zuwa ganin likita, ga masu wannan ciwo da masu suga da masu sikila. A riƙe sunayensu a asirce tsakanin ma'aji da likita, don kada taimako ya zama tallar ciwon mutum. 'Yan'uwanmu mazauna Kano da Zariya da Jos kuma, wanda zai iya sauke majinyacin garinmu kwana biyu, lokacin da zai sha maganin wanke hanji kafin a leƙa shi, ya ba sakatare sunansa kafin a watse.

Wanda ke da tambayar da ba ya son yi a bainar jama'a, za mu zauna a ajin da ke bayan wannan zaure bayan sallar La'asar. 'Yan'uwanmu mata ma'aikatan jinya za su zauna daban domin mata. Wanda ke da katin asibiti ko kwalin maganin da yake sha, ya taho da shi.